Darasi na 12: Kuɗin Cefane, Daga Luggere Zuwa Tsibiri

A darasin da ya gabata mun yi tarawa da ɗebewa da ninkawa. Yau za mu ɗauki wannan lissafi mu shiga kasuwa da shi. Duk wanda ke zaune a ajin nan ya san cefane, wasunku ma sun aurar da 'ya'ya suna yi, saboda haka ba wanda za a koya wa yadda ake taya tumatir. Abin da za mu bincika shi ne abin da ke ƙunshe cikin farashin da ake faɗa mana. Me ya sa shinkafa iri ɗaya take da kuɗi kala uku a gari ɗaya? Me ya sa kwandon tattasai da aka rasa mai saye a watan Fabrairu yake gagarar mai albashi a watan Yuni? Daga nan za mu ƙetare ruwa, mu ga yadda cefane yake ga baƙon da ya je hutu tsibiri, inda kusan komai jirgi ne ke kawo shi.

Kuɗin hanya

Luggere ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Yola ta Arewa, tana cikin Jimeta. Kusan duk abin da ake ɗora wa tukunya a unguwar shigo da shi ake yi, sai dai wani daga kusa, wani daga nesa. Alayyafo da yakuwa da kuɓewa da wata shinkafar daga fadamun Tafkin Geriyo suke fitowa, nan bayan gari. Kifi yana zuwa daga Binuwai da wajajen Numan. Shanu daga kasuwannin Ngurore da Mubi, doya daga Ganye da Jihar Taraba. Manja kuwa daga Kudu yake hawowa, taliya da gishiri da sinadarin ɗanɗano kuma sai tirela ta ɗauko su daga Legas ko Kano. Tsakanin Legas da Yola akwai fiye da kilomita 1,000.

Kafin kwalbar manja ta iso teburin mai kayan miya a bakin layinku, ta bi ta hannu da yawa. Akwai wanda ya matse kwakwar, akwai dillali da la'adarsa, akwai 'yan dako da suka loda jarkoki, akwai direba da man motarsa da abin da yake ajiyewa a shingayen hanya, akwai ɗan sari a babbar kasuwar Jimeta da hayar rumfarsa, sannan mai tebur. Kowannensu da iyali, kowa kuma sai ya ɗora nasa. Mai saye na ƙarshe shi ke biyan su duka, ko da yake mutum ɗaya kawai yake gani a gabansa, shi ne kuma wanda yake yi wa mita.

Mun ga wannan ƙarara a 2023. Ranar 29 ga Mayu na shekarar Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500. Gonaki ba su canja ba, ruwan sama bai canja ba, amma abinci ya bi mai. A watan Yunin 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Ma'anarsa a lissafinmu: cefanen da naira 10,000 ta yi a Yunin 2023, sai da aka nemi wajen naira 14,000 kafin a yi irinsa bayan shekara guda. A watan Yuli na 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 daga 30,000, amma yawancin mutanen Luggere ba masu albashi ba ne, 'yan kasuwa ne da masu sana'ar hannu da direbobin keke, ba wanda ya ƙara musu komai.

Dattawanmu sun san wannan magana ta hanya tun kafin kwalta. Jimeta ta bunƙasa ne a matsayin tashar jiragen ruwa. A zamanin Turawa jiragen kamfanoni suna hawowa Binuwai ne kawai idan kogi ya cika da damina, su sauke gishiri da yadi da sauran kayan kanti, su lodi gyaɗa da auduga da fatu. Da ruwa ya janye, sai baɗi. Wanda bai yi tanadin gishirinsa ba lokacin da jirgi yake tasha, da rani zai saya yadda mai shi ya ga dama.

Abin da za a ɗauka a nan mai sauƙi ne. Idan kuɗi ya yi ƙaranci, a fara duba abin da ya fito daga kusa. Miyar yakuwa da kifin Binuwai ba ta biya kuɗin tirela ba. Tuwon masara ko na dawa ya fi taliyar leda riƙe ciki, kuma masarar a jiharmu aka noma ta. Ban ce a daina cin taliya ba, yara ba za su yarda ba ma. Amma gidan da ya mayar da ita abincin kullum yana biyan direbobin Legas albashi ba tare da ya sani ba.

Awo: gwangwani, mudu, buhu

Nan ne kuɗin talaka ya fi zurarewa, don haka za mu daɗe a kai. Alƙaluman da ke tafe misali ne kawai don koyon lissafi. Farashi yana canjawa kowane mako, kowa ya sa na gaskiya da ya tarar a kasuwa.

Mu ƙaddara mudun shinkafa naira 2,000 ne a babbar kasuwa. A shagon unguwa kuma ana sayar da gwangwanin madara ɗaya na shinkafar a naira 300. Mu ce mudun yana cin gwangwani 8. Wanda ya sayi gwangwani 8 ɗaya bayan ɗaya ya biya:

300 × 8 = 2,400

Ya biya ƙarin naira 400 a kan kowane mudu. Idan gidan yana cin mudu 10 a wata, ƙarin ya zama naira 4,000. A shekara:

4,000 × 12 = 48,000

Naira 48,000 ba ta taɓa fita daga aljihunsa a dunƙule ba, shi ya sa bai ji zafinta ba. Da hamsin da ɗari ta tafi. Haka abin yake ga man gyaɗa na ƙulli, da sukarin ƙulli, da omo na ƙaramar leda, da gawayin ɗari biyu kullum.

To, kada wani ya ji wannan ya tashi da sassafe ya tari keke don ya sayo mudu ɗaya. Lissafin bai ƙare ba. Mu ce kuɗin keke zuwa kasuwa naira 300 ne, dawowa 300, jimla 600. Wanda ya je don mudu ɗaya ya rage 400 ya kashe 600, ya yi asarar 200, ga ɓata lokaci. Mudu biyu ne ke fara mayar da kuɗin keke. Idan kuwa aka haɗa mudu 10 da mai da wake da kayan miya a tafiya ɗaya, kuɗin keken ya narke cikin kaya. Mai shagon unguwa ba azzalumi ba ne. Kuɗin keken da lokacin da ya hutar da ku, su ne yake sayar muku, kuma shi ne mai ba ku bashi ranar da babu.

Na san abin da wasu za su ce: "Malam, wanda yake samun na yau ya ci yau, ina zai ga kuɗin mudu goma?" Tambaya ce ta gaskiya, kuma ita ce ta sa talauci yake da tsada. Mai kuɗi yana sayen buhu a kan rahusa, marar shi yana sayen gwangwani a kan tsada. Hanyar da mata suka daɗe da ganowa ita ce haɗa hannu. Gida biyar ko shida su yi karo-karo ko adashi, su sayi buhu ɗaya a farashin sari, a zo tsakar gida a shimfiɗa tabarma a raba da mudu ɗaya a gaban kowa. Mutum ɗaya ya je kasuwa, kuɗin keke ɗaya. Sharaɗin kawai a rubuta abin da kowa ya bayar da abin da ya karɓa, ranar da aka bayar da ranar da aka raba. Wannan rubutu na cikin dalilan da suka kawo ku ajin nan. Yawancin haɗakar da ta watse, a kan "ai na ba ki" da "ba ki ba ni ba" ta watse.

Sai kuma mudun kansa. Ba duk mudu ne mudu ba. Akwai wanda aka bubbuge gindinsa ya shige ciki, akwai wanda aka rage wa baki. Akwai mai awon da yake tsayar da tozo har hatsi yana zuba, akwai wanda yake shafe shi da tafin hannu. Mai cewa naira 1,900 da ƙaramin mudu ya fi mai cewa 2,000 da cikakke tsada. Ku ajiye gwangwani ɗaya a gida wanda ba ya canjawa. Duk awon da aka kawo, ku auna da shi kafin a zuba a mazubi. Cikin wata guda za ku san rumfar da za ku riƙe da wadda za ku riƙa wucewa da sallama kawai.

Lokaci

Kowane abinci da watansa. Masara da dawa da wake da gyaɗa suna araha da kaka, daga wajen Oktoba zuwa Disamba, sannan su riƙa hawa har tsakiyar damina lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Tumatir da tattasai da albasa suna cika kasuwa da sanyi zuwa farkon bazara, sa'ad da noman rani ya nuna, su yi wuya idan ruwa ya sauka. Wani lokaci kuma annoba ce ke shigowa, kamar tsutsar tumatir da ta cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016, ko ambaliya irin ta 2012 da 2022 da ta shafe gonakin bakin Binuwai.

Iyayenmu mata sun san maganin wannan tsada. Lokacin da tumatir ya yi yawa a Kasuwar Gwari, a sayi kwando, a yanka, a shanya a kan tabarma mai tsabta nesa da ƙura da awaki, a sami kauɗa. Haka kuɓewa da tattasai da barkono. Ranar Yola ta Maris da Afrilu, wadda zafinta yake haura digiri 40, kyauta take wannan aiki. Firji kuwa sai da wuta, wuta kuma kun san halinta. Wanda ya cika firji da nama don ya samu rahusa, aka ɗauke wuta kwana biyu, ya san abin da nake nufi.

Wake yana da nasa sharaɗi, domin ƙwari ba sa jira. Akwai buhu mai ninki uku da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. Ana zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, ƙwarin su mutu don rashin iska ba tare da an sa magani ba. Jarka mai murfi da aka cika maƙil ita ma tana yin wannan aiki. Abin da ba a yi shi ne zuba maganin ƙwari na gona ko na sauro cikin abin da za a ci. Saboda irin wannan guba ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Abin da Bature ya ƙi ci, a tukunyarmu yake ƙarewa, kuɗin asibiti kuma ya fi duk wata rahusa da aka samu.

A nan ina maganar tanadin abin da gida zai ci ne. Tara hatsi don a jira ya yi tsada wani abu ne daban, malamai sun yi magana a kansa, kasuwa ma takan hukunta mai yinsa. A 2025 farashin masara ya faɗi a kasuwannin Arewa, da yawa daga waɗanda suka cika sito don riba suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Wanda ya sayi buhu biyu don 'ya'yansa kuwa, ko farashi ya sauka, tuwonsa ya ci.

A bakin rumfa

Ku karanta wannan hira, mutum biyu su ɗauki murya ɗaya-ɗaya.

"Salamu alaikum. Baba, ina wuni? Ya kasuwa?"

"Alhamdu lillahi, Hajiya. Ya yaran?"

"Lafiya lau. Wannan ƙaramin kwandon tattasan nawa?"

"Dubu biyar."

"Haba Baba! A bakin ƙofa uku da rabi aka ce mini."

"Albarka. Wancan kwanan jiya ne. Duba wannan, ko tabo babu."

"To juye mini in ga na ƙasa."

"Ga shi, 'yata. Ni ba na rufa-rufa."

"Na saya huɗu, amma a yi mini gyara da attaruhu."

"Kawo kuɗi. Allah ya sa albarka."

Ku lura da abin da matar nan ta yi kafin ta taya. Ta riga ta tambayi farashi a wani wuri, don haka tayinta yana da tushe. Ta sa an juye kwando, domin manya a sama ake jera su, ruɓaɓɓu da ƙanana a ƙasa. Ta kuma nemi gyara maimakon ta tsaya jayayya a kan naira ɗari biyu, mai kaya kuwa ya fi sauƙin ƙara kaya a kan rage kuɗi. Sannan ta gaishe shi yadda ya kamata. Ciniki da mutunci yake tafiya, wanda aka saba da shi shi ake ɗebo wa na ƙasan tebur mai kyau.

Ra'ayina a nan, a taya mai sari da mai buhu iya ƙarfi, sun san yadda za su kare kansu. Amma tsohuwar da ta kasa yakuwa kashi-kashi a naira ɗari, ta tako da ita tun daga fadama, a biya ta yadda ta faɗa. Ba a wurinta kuɗinku yake ɓacewa ba.

Kafin a fita gida, a leƙa mazubi a ga abin da ya rage, a rubuta abin da ake bukata a takarda da kuɗin da aka ware wa kowanne. Kasuwa tana da ido, abin da ba a rubuta ba shi ke cinye kuɗin abin da aka rubuta. A kuma cire kuɗin mako sau ɗaya a wurin mai POS, domin kowane cirewa da cajinsa.

Cefane a tsibiri

Tsibiri ƙasa ce da ruwa ya kewaye ta ko'ina. Duk abin da ba ya tsira a cikinsa, sai jirgin ruwa ko na sama ya kawo. Ba sai mun je nesa ba kafin mu fahimci haka. Masuntan Hausawa da suka zauna a tsibiran Tafkin Chadi, irin su Darak, sun san kifi a wurinsu kamar banza yake, amma sukari da sabulu da man fetur sai kwale-kwale ya ɗauko su, farashinsu kuma ya ninka na gaɓa. A Hawaii ta Amurka, wadda take kusan kilomita 4,000 daga gaɓar Kalifoniya, fiye da kashi 80 cikin ɗari na abincin da ake ci shigo da shi ake yi. Kuɗin hanyar da muka gani a kwalbar manja, a can ya shiga kusan komai.

Cikin tsibiran da 'yan Nijeriya suke zuwa hutu ko yawon amarci akwai Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya. Mafi yawan mutanenta Musulmi ne, Suwahili suke yi, kuɗinsu shilin. Daga Darussalam jirgin ruwa yana kai wa cikin kamar awa biyu. An san ta da kanumfari, tana kuma da kwakwa da rogo da ayaba da mangwaro da kifin teku. Amma shinkafa da yawa, da garin alkama da madara da kayan gwangwani, daga ƙetaren ruwa suke zuwa.

Baƙon da ya sauka can yana fuskantar tsada iri biyu. Ta farko ta jirgi ce, wannan ta shafi kowa har 'yan gari. Ta biyu ta baƙunta ce. A ƙauyukan bakin teku irin su Nungwi da Paje, inda otal-otal suka yi yawa, shaguna da gidajen abinci don masu yawon buɗe ido aka buɗe su, farashinsu ma da dala ake tunaninsa. 'Yan gari kuwa kasuwar Darajani suke zuwa, a bakin tsohon birni, inda ake kasa kifi da kayan miya da kayan ƙamshi, ana tayi ana albarka kamar a Jimeta. Motocin haya da suke kira daladala suna zuwa can daga ƙauyuka a kan kuɗi kaɗan. Wanda ya iya kasuwar Jimeta ba zai ɓata a Darajani ba. Ya tsaya gefe ya ga nawa 'yar gari ta biya kafin ya buɗe baki, ya kuma koyi ƙirga daga ɗaya zuwa goma da harshen mutanen.

Ga lissafi, shi ma misali ne, da naira don sauƙi. Iyali mutum 4 za su yi kwana 7. Mu ce faranti ɗaya a gidan abincin baƙi ya yi daidai da naira 15,000.

15,000 × 4 × 3 = 180,000 a rana
180,000 × 7 = 1,260,000 a mako

Yanzu mu ce sun kama masauki mai ɗakin girki. Karin kumallo da abincin dare suna dafawa da cefanen naira 30,000 a rana, na rana kawai suke ci a waje, naira 60,000. Ya zama 90,000 a rana, 630,000 a mako. Ko da masaukin ya fi marar ɗakin girki tsada da naira 20,000 kowane dare, wato 140,000 a mako, har yanzu naira 490,000 ta rage a aljihu. Wannan kuɗin tsaraba ne da na makarantar yara. Sai dai a faɗi gaskiya: idan uwargida ce za ta tsaya kan murhu safe da dare, to maigida da yara ne suka je hutu, ita wurin aiki kawai ta canja. Ko a raba girkin, ko a saka wannan cikin lissafi.

Cefanen ma da dabara. Wanda ya je tsibiri ya nace sai ya ci irin abin da ya saba, tuwon masara da miyar kuka da naman sa kullum, zai sha tsada. Wanda ya ci kifi da rogo da ayaba da shinkafar kwakwa yadda 'yan gari suke ci, zai ƙoshi da kuɗi kaɗan, ya kuma dawo da labari. Ruwan sha a sayi babbar gora a riƙa ɗurawa a ƙanana, lissafin gwangwani da mudu ne dai ya sake dawowa. Babban cefane a yi shi a cikin gari ranar da aka sauka, kafin a wuce bakin teku.

Guzuri al'adarmu ce tun zamanin fatake, amma jirgin sama yana da ma'auni, yawanci kilo 23 ga jaka ɗaya, abin da ya haura kuma biya ake yi. Don haka a ɗauki mara nauyi mai aiki da yawa: yaji, kuka, busasshiyar kuɓewa, garin kunu, ganyen shayi, daddawa a ɗaure da kyau saboda ƙamshinta ba kowa ke yaba shi ba. Ɗaukar shinkafa wahala ce kawai, akwai ta a can. Kilishi da dambun nama kuwa a yi tambaya tukuna, ƙasashe da yawa sun hana shiga da nama da kayan madara, a filin jirgi ake ƙwacewa, wani wurin har da tara. Canjin kuɗi kuma a yi kaɗan a filin jirgi don mota, sauran a bari sai an shiga gari an kwatanta wuri biyu ko uku.

Yawancinmu ba Zanzibar za mu ba. Tafiyarmu ta Garwa ce, ko Abuja wajen jinya, ko Kano sarin kaya, ko Makka idan Allah ya kira. Alhazai sun san shagon da ke jikin Harami da wanda ke can cikin unguwa ba farashinsu ɗaya ba. Mai jinya ma ya san abincin ƙofar asibiti ya fi na kasuwa tsada. Duk inda mutum ya zama baƙo, kuma ba shi da wurin girki, a tsibiri yake.

Tambayoyi

1. Kawo abinci uku da ake samu kusa da Jimeta, da uku da ake kawowa daga nesa. Wanne rukuni ne tashin man fetur ya fi shafa?
2. Mudun wake naira 1,600 ne, yana cin gwangwani 8. Ana sayar da gwangwani naira 250. Nawa ne bambancin a kan mudu 6?
3. Kuɗin keke zuwa da dawowa naira 700 ne. Ana rage naira 350 a kan kowane mudu. Mudu nawa za a saya kafin a mayar da kuɗin keke?
4. Gida 5 sun haɗa kuɗi sun sayi buhun masara naira 45,000, dako da keke naira 2,500. Nawa kowane gida zai biya?
5. Me ya sa kifi yake araha a tsibiri, sukari kuma yake tsada?
6. A misalin Zanzibar, idan iyalin mutum 6 ne, nawa za su kashe a rana in sun ci sau uku a gidan abincin baƙi?

Aikin gida

Kowa ya ware shafi biyu a littafinsa. Daga gobe har kwana bakwai, duk abin da aka saya na abinci a gidanku a rubuta shi: rana, sunan kaya, awo, kuɗi, da wurin da aka saya. Har gishirin naira hamsin da kuɗin niƙa da na gawayi, kada a bar komai. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna, ɗansa ɗan makaranta ya taimaka masa, amma shi zai rubuta alƙaluman da kansa. A rana ta bakwai a tara jimla, a ja layi ƙarƙashin duk abin da aka saya fiye da sau uku a makon. Ku kuma auna mudun da kuka saba saye da gwangwaninku, ku rubuta adadin. Ku zo da littattafan ranar darasi na gaba, da alƙalumanku za mu koyi rabawa.